Maca late ba da madarar shanu ba: nawa ɗaci da gudaji yake yi, a taimaka

Maman Haidar ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah ina neman taimakon masu haɗa maca late a gida, wannan koren garin shayin na Japan da ake haɗawa da madara. Ni madarar shanu ba ta karɓe ni ba, ina sha cikina zai kumbura ya yi ta ƙugi har dare, likita ya ce sukarin da ke cikin madarar ne wato laktos cikina ba ya iya narkarwa, shi ya sa na koma madarar tsirrai gaba ɗaya. A shayin yau da kullum ba matsala, amma a maca abin ya ƙi ni.

Yadda nake yi shi ne in ɗora madara a wuta ta tafaso, in zuba garin cokali ɗaya a kofi in juye madarar a kai in yi ta juyawa da cokali. Kullum sai gudaji ya kwanta a ƙasa, wani ya yi ta yawo a sama, in ka fasa shi da harshe gari ne busasshe a ciki. Ga ɗaci da bauri, kalar ma ba wannan koren mai haske ba ne, ya fi kusa da ruwan ƙasa. Na almon ba ta kumfa sam kuma tana rabuwa, ruwa gefe farin gefe. Da na haɗa madarar ot, hatsin nan da ake kira oats, da kaina a bilenda kuwa ina ɗorawa a wuta ta yi kauri da yauƙi ba ta shawuwa.

To wace madara ce ta fi dacewa? Kuma dole ne sai na sayi maburgin gorar nan da nake gani suna kaɗawa da shi, ko akwai dabara? Ina son abin nan sosai wlh, ba na son in haƙura.

Anti Bilki ta amsa:

Wa alaikumussalam Maman Haidar. Kada ki haƙura, abin mai sauƙi ne, kuma rabin damuwarki ba daga madarar take ba. Abu na farko da za ki riƙe: maca ba ya narkewa. Ba kamar sukari ko gishiri ba ne da zai ɓace a ruwa, shi ganyen shayi ne da kansa aka niƙe ya yi laushi luƙui, don haka aikinki shi ne ki warwatsa shi a cikin ruwa ya bazu ko'ina. In kika zuba ruwa mai yawa a kansa lokaci guda, bayan kowane curi ne yake jiƙewa ya toshe, cikin ya zauna a bushe, shi ne wanda kike fasawa da harshe. Madara kuma ta fi ruwa kauri ga maiƙo, to tana ƙara naɗe curin ne kawai.

Ga yadda nake yi. Ki sami ƙaramar rariya mai ƙananan ido, irin matacin shayi na waya ma ya isa, ki ɗora a bakin kwano mai ɗan faɗi ki zuba garin giram 2, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya shafaffe ba mai tozo ba, ki goga da bayan cokali har ya sauka duka. Wannan tankaɗen kada ki taɓa tsallake shi, garin yana dunƙulewa tun yana cikin gwangwani saboda tsabar laushinsa. Sai ki zuba ruwan ɗumi kamar cokali biyu kawai ki dama ya zama kwaɓi mai santsi, ba ko ɗigon gudaji. Bayan nan ne za ki ƙara sauran ruwan, duka-duka mililita 50 zuwa 60, ki kaɗa da sauri.

Zafin ruwan nan shi ne maganar ɗacin. Tafasasshen ruwa digiri 100 ne, maca kuma 70 zuwa 80 yake so. In ya wuce haka sinadaran da ke sa bauri suna fitowa da ƙarfi, koren ma ya dusashe. In ba ki da ma'aunin zafi, ki tafasa ruwan ki sauke ki buɗe murfin ki bar shi minti biyar haka, ko ki juye shi a wani kofi mai sanyi sannan ki sake juyewa a wani, kowane juyi yana rage zafin sosai. Ni wani lokacin kwaɓin farkon ma da ruwan sanyi nake yi sannan in bi da mai zafin.

Kaɗawar ba zagaye za ki yi ba. Gaba da baya za ki yi da sauri kamar kina rubuta W, daga wuyan hannu ba daga kafaɗa ba, daƙiƙa 15 zuwa 20 za ki ga ƙananan kumfa sun rufe saman. Madarar kuma daban za ki ɗumama ta, mililita 150 zuwa 180, ki yi mata kumfarta, a ƙarshe ne suke haɗuwa a kofi.

Maburgin gorar sunansa casen, kuma gaskiya yana da daɗin aiki, daga guntun gora guda ɗaya ake tsaga shi ya zama siraran yatsu masu yawa, garin Takayama da ke Nara a Japan su ne suka shahara da yin sa. Amma don late ba dole ba ne. Ƙaramar na'urar kumfa mai batir tana yi, kwalba mai murfi ma tana yi, ki zuba tankaɗaɗɗen gari da ruwa ki rufe ki girgiza da ƙarfi, sai dai in kwalba ce kada ruwan ya yi zafi sosai don tururi yana tura murfi. Cokali ne kawai ba zai yi ba ko za ki kwana kina juyawa.

Abban Sultana ya amsa:

Anti Bilki ta gama da ɓangaren gari, bari in ɗan yi magana a kan madarar don nan ne mutane ke ɗauka duk ɗaya ne, alhali kowace da halinta.

Abin da ke riƙe kumfa furotin ne, maiƙo kuma shi ke ba da wannan nauyin a baki. Madarar shanu tana da furotin giram 3 da ɗan wani abu a kowane mililita 100. A cikin na tsirran da aka saba gani ta waken suya ce ke kusa da haka, ita ma wajen giram 3, shi ya sa kumfarta ke tsayawa ta daɗe. Ta ot kamar giram 1 ce. Ta almon mafi yawanta rabin giram ne ko kusa da haka, kusan ruwa ce da ɗan almon kaɗan, to kin ga ba laifin hannunki ba ne da ta ƙi kumfa, babu abin da zai riƙe iskar. Rabuwar da kika gani kuma tafasawar ce ta jawo, ɗan furotin ɗin ya dunƙule ya ware daga ruwan. Duk madarar tsirrai kada ki bari ta wuce digiri 60 zuwa 65, wato ta yi zafin da in kika taɓa jikin tukunyar ba za ki iya barin hannu ya daɗe ba amma ba ta fara ɓararraka a gefe ba. Wuta kaɗan, kina juyawa.

Yauƙin madarar ot ɗinki kuma sitaci ne. Ot cike yake da shi, kuma sitaci in ya ji zafi a ruwa kumbura yake ya yi kauri, ba yadda za ki hana shi a tukunya. Masu yin ta kwali suna saka wani sinadari da ke farfasa sitacin ya koma sukari tun a masana'anta, dabarar da aka fara a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin a shekarun 1990, inda kamfanin Oatly ya samo asali. Shi ya sa ta kwalin take da ɗan zaƙi ko ba a ƙara mata sukari ba, kuma ba ta yauƙi a wuta. Wadda aka rubuta wa barista a jiki an ƙara mata ɗan mai da wani gishiri da ke hana ta tsinkewa, ita aka yi musamman don zafi da kumfa.

In za ki bi ta tawa Maman Haidar, ga mai farawa ta ot ɗin barista ta fi, don ɗanɗanonta ba ya danne macan kuma ɗan zaƙinta yana kwantar da ɗacin. Ta waken suya ita ke bi mata, kumfarta ma ta fi, amma wasu suna jin ƙanshin waken yana rigima da ƙanshin ganyen, ni dai ba na ji. Ta kwakwa a kula, kala biyu ce, akwai ta gwangwani mai kauri da ake girki da ita akwai ta kwali ta sha. Ta gwangwanin in kika cika kofi da ita kwakwa kawai za ki ji ga nauyi, amma cokali ɗaya ko biyu a cikin ta almon yana ba ta jikin da ta rasa, in har almon ɗin kike so ki ci gaba da ita. Ta kashu tana da santsi, kumfa dai kaɗan. Kuma ko wacce ce a girgiza kwalin kafin a zuba.

Ya Zee ta amsa:

Ni abin da ya tsaya mini a rai kalar da kika ce ce, ruwan ƙasa. Ruwan zafi yana dusashe kore kam, amma ki buɗe gwangwanin ki kalli garin tun yana busasshe. In shi da kansa ya yi ɗorawa-ɗorawa ko ƙasa-ƙasa to ko ya tsufa iska ta shige shi, ko dama can ba maca na gaske ba ne, ganyen koren shayi ne kawai aka niƙa aka sa masa sunan. Wannan ko ruwan ya yi daidai sai ya yi ɗaci.

Na gaske, kafin a tsinki ganyen ana lulluɓe gonar a tare mata rana kamar sati uku zuwa huɗu. Rashin ranar ne ke sa ganyen ya ƙara kore ya kuma riƙe wani sinadari da ake kira tiyanin, shi ne mai ba da wannan garɗin da ɗan zaƙi-zaƙin, don in rana ta yi ta dukan ganye tiyanin ɗin juyewa yake ya koma masu sa bauri. Ana tsinka a turara shi nan take don kada ya yi baƙi, a busar ba tare da an murza ba, a cire kara da jijiyoyi, abin da ya rage shi ne tenca, shi ake niƙawa. Dutsen niƙa na gargajiya giram 30 zuwa 40 kawai yake fitarwa a awa guda, don in aka yi sauri dutsen zai yi zafi ya ɓata garin. Uji da ke kusa da Kyoto da Nishio da ke Aichi su ne sanannun wurare, Kagoshima ma yanzu suna nomawa da yawa. Ki duba kwalin, masu gaskiya suna rubuta inda aka noma.

Amma a nan ina son in hana ki ɓarnar kuɗi. Za ki ga ana rubuta wannan na biki ne wancan na girki ne, to ba wata doka ce ta raba su ba, kowane mai sayarwa ke sa wa nasa suna. Mafi tsadar nan na tsinkar farko an yi shi ne don a sha da ruwa zalla, ɗanɗanonsa a hankali yake, kina zuba masa madara mililita 180 ya ɓace, ga shi a 2024 an yi ƙarancinsa har tsofaffin gidajen shayi na Kyoto irin su Ippodo da Marukyu Koyamaen suka taƙaita adadin da mutum ɗaya zai saya. Ki nemi na tsakiya, kore shar, mai ɗan ƙarfi da zai iya fitowa ta cikin madara.

Sai abu mai muhimmanci gare ki ke da ba ki shan madarar shanu. Akwai waɗanda ake sayarwa a leda an rubuta maca late a jiki, zuba ruwa kawai a sha, da yawansu garin madara ne da sukari a ciki macan kaɗan ne. Ki juya ki karanta jerin kayan haɗin, abu ɗaya tak ya kamata ki gani, maca.

Ajiya kuma, haske da iska da zafi da danshi duk maƙiyansa ne. Ƙaramin gwangwani za ki riƙa saye, in kin buɗe ki shanye cikin wata ɗaya zuwa biyu, a rufe ruf nesa da murhu da kayan ƙamshi don yana ɗaukar wari. In a firij kika sa, ki bari gwangwanin ya huce sanyinsa kafin ki buɗe, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan garin.

Maman Haidar ta sake rubutawa:

Kai Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara ilimi. Na bi yadda Anti Bilki ta ce, na tankaɗe na yi kwaɓi na bar ruwa ya huce, da na'urar batir na kaɗa, gudaji babu ko ɗaya kuma ɗacin ya ragu sosai. Ya Zee na duba garina kore ne amma ba shar ba, ya jima a buɗe, in ya ƙare zan nemi ƙarami. Ta waken suya nake da ita a gida kuma kumfar ta tsaya har na gama sha.

Saura tambaya biyu dan Allah. Me ya fi dacewa a sa na zaƙi, kuma mai sanyin da ƙanƙara ya ake yin sa? Sannan ina shayarwa, kofi nawa ya kamata in tsaya a kai a rana?

Sista Halima ta amsa:

Maman Haidar gara da kika faɗi maganar shayarwar. Maca yana da kafeyin, kuma tunda ganyen duka kike sha ba jiƙawa kika yi kika zubar ba, ya fi koren shayin jaka ƙarfi. Giram 2 ɗin nan yakan kai miligiram 60 zuwa 70, ya danganta da garin. Hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai, EFSA, a 2015 ta ce babban mutum mai lafiya har miligiram 400 a rana ba damuwa, amma mai ciki da mai shayarwa 200 ne. Kuma 200 ɗin nan na komai da komai ne, har da baƙin shayi da gahawa da lemon kola da cakulan in kina ci. To kofi ɗaya a rana yana cikin iyaka sosai, biyu ma zai iya shiga in ba kya shan sauran, ni dai zan ce ki tsaya a ɗaya da safe ki lura da yaron, in kin ga barcinsa ya rikice ko yana yawan rigima ki rage garin zuwa giram 1. Jariri sabon haihuwa jikinsa yana daɗewa kafin ya fitar da kafeyin, don haka in ƙarami ne sosai ki faɗa wa likitanku.

Wani abin kuma, shayi kowane iri yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ayon daga abinci. In an taɓa ce miki jininki ya yi ƙasa ko kina shan maganin ƙarin jini, ki raba su da maca da awa ɗaya ko biyu, kada ki kora maganin da shi. Tunda kin bar madarar shanu gaba ɗaya ga shayarwa, ki zaɓi ta tsirran da aka rubuta an ƙara mata kalsiyam, wadda ake haɗawa a gida ba ta da shi sai ɗan kaɗan. Kalsiyam ɗin yana kwanciya a ƙasan kwali, girgizawar da Abban Sultana ya ce ba don ɗanɗano kawai ba ce.

Ga sauran masu karantawa kuma, rashin narkar da laktos daban, alajin madara daban. Mai laktos yana iya shan madarar shanun da aka cire wa laktos, mai alaji ba zai iya ba don shi furotin ɗin ne jikinsa ke faɗa da shi, kuma ya kamata ya duba ko ba shi da alajin waken suya ko almon ko kashu kafin ya koma musu.

Anti Bilki ta ƙara da cewa:

Ma sha Allah, na ji daɗi da ya yi. Zaƙi ki fara ɗanɗanawa tukuna, yanzu da ɗacin ya ragu za ki ga ba ya buƙatar da yawa, ƙaramin cokali ɗaya na zuma ko sukari yakan isa. Ki sa shi a cikin ruwan macan tun yana da ɗumi ki kaɗa tare, musamman in mai sanyi za ki yi don sukari ba ya narkewa da wuri a ruwan ƙanƙara, zai kwanta ne a ƙasa. Ɗigon banila yana tafiya da ta waken suya sosai, yana rufe ƙanshin waken ga wanda bai so. Gishiri ɗan mitsitsi a bakin yatsa shi ma yana danne ɗaci.

Mai sanyi ya ma fi sauƙi. Ki haɗa macan kamar dai yadda kika yi amma ki rage ruwan zuwa mililita 40 tunda ƙanƙara za ta narke ta ƙara masa, ki zuba ƙanƙara a dogon kofin gilashi, madara mai sanyi a kai, sannan ki tsiyaya koren a hankali a kan ƙanƙarar, zai tsaya a sama fari a ƙasa. Ki juya kafin ki sha, in ya ɗan zauna ma ki sake juyawa don garin zai riƙa sauka.

Kuma a nan ne madarar ot ɗinki ta gida za ta yi amfani, tunda ba wuta. Kofi ɗaya na ot, kofi huɗu na ruwa mai sanyi ƙarara, kada ki jiƙa ot ɗin tun farko, ki markaɗa daƙiƙa 30 kawai don in bilenda ta daɗe tana ɗumama shi yauƙin ya taso. Ki tace da kyalle mai tsabta ki bar shi ya tsiyaye da kansa, kada ki matse, matsewar nan ce ke fito da sitacin. In kin so ki sake tacewa sau ɗaya. Ki sa a kwalba a firij ki shanye cikin kwana uku zuwa huɗu, za ta rabu in ta zauna, girgizawa kawai za ki yi. In kina son ta ɗan yi jiki ki jefa kashu ɗan kaɗan da kika jiƙa, amma shi ki fara markaɗa shi shi kaɗai ya yi laushi sannan ki zuba ot ɗin a daƙiƙa 30 ɗin ƙarshe.